Allura da Zare da Keken Ɗinkin Fata

Duk wanda ya saba zama a rumfunan masu ɗinka takalma da jakunkuna, ko a Ƙofar Wambai ta birnin Kano, ko a Sakkwato, ko a Damagaram, ba zai rasa jin wani ƙorafi guda ba wanda kusan kowane mai keke yakan yi, wato kekensa yana tsinka zare, ko yana tsallake, ko kuwa yana tara zare a ƙarƙashin fata har ya cukurkuɗe; kuma hukuncin da akan yanke nan take shi ne keke ya lalace, a nemo makanike, alhali kuwa sau da yawa lafiyar keken ƙalau, iyakar abin da ya faru an haɗa allura da zaren da ba nata ba ne, ko kuwa an bar ƙarfe yana cin ƙarfe kwana da kwanaki ba a ɗiga masa mai ba. Mas'alar ƙarama ce a ido, amma hasarar da take jawowa tana da yawa. Shi yadi saƙa ne, idan allura ta shige shi ture zaruruwansa take yi gefe, in aka farke ɗinkin sai su koma mazauninsu; ita kuwa fata, duk hudar da aka yi mata ta zauna ke nan, ba ta rufewa, ba ta ɓoyuwa, don haka layi ɗaya da ya ɓaci ya isa ya zubar da darajar fatar da majemi ya yi kwanaki yana wahala a kanta da toka da bagaruwa.

Dukanci daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa, har ma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya ba da labarin yawan takalman da ake ɗinkawa a birnin ana kai su har arewacin Afirka. A cikin wannan shekarar ce kuma Isaac Singer ya sami takardar mallakar kekensa a Amurka, bayan Elias Howe ya riga shi samun tasa a 1846. Kafin su duka kuwa, tun 1790, wani kafinta a Ingila mai suna Thomas Saint ya tsara injin ɗinki a takarda, kuma fata ya nufa da shi, ta takalma da makamantansu. Abin lura shi ne, badukun da, wanda yake huda da basilla ya ja zare da hannu, yana jin fatar a yatsunsa: in huda ta yi kaɗan ya ji zare yana turjewa ya faɗaɗa ta, in ta yi yawa ya gani kafin ya yi ta biyu. Keke ba ya jin kome. Zai yi huda ɗari kafin mai shi ya ankara, saboda haka lambobin da aka rubuta a kwalin allura da gindin dunƙulen zare su ne suka tsaya a madadin wancan ji na yatsa, kuma wanda ya jahilce su da ka kawai yake ɗinki.

Ba a fahimtar hikimar lambobin nan sai an san yadda ɗinki yake ƙulluwa. Allurar keke tana da sassa waɗanda ido ba ya kula da su sai an ɗaga ta a haske: akwai gindi mai kauri da ake ɗaurewa a sanda, akwai dogon kwari da aka fafe a gefe ɗaya tun daga sama har kafar allura, akwai kuma ɗan lotsi a ɗaya gefen, daidai saman kafar. Idan allura ta nutsa cikin fata, zaren sama yakan kwanta cikin dogon kwarin nan ya tsira daga guga. Idan ta kai maƙura ta fara komowa, sai zaren ɗaya gefen, wanda fata ta riƙe, ya ɗan buɗe ya yi zobe. A daidai wannan lokaci bakin ƙoshiya, wato ƙugiyar da ke ƙarƙashin keke, yake wucewa ta cikin lotsin ya ɗauki zoben, ya zagaya da shi bayan kwarkwaron zaren ƙasa, sa'an nan hannun da ke sama ya ja zaren ya tamke ƙullin a tsakiyar kaurin fata. Kada kuma a zaci sau ɗaya zare yake ratsa kafar allura. Kowane yanki nasa yakan yi kai da komo ta cikinta sau gwammai kafin ya sami mazauni a ɗinki, domin zoben da ƙoshiya take ja ya fi tsawon taki ɗaya nesa ba kusa ba. Wanda ya gane wannan ya gane sababin da ya sa 'yar takura a kafar allura take zama babbar illa.

Lambar allura biyu ce a haɗe, misali 110/18. Ta farko kaurin jikin allura ne da aka auna da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wato 110 kaurinta milimita 1.1, 140 milimita 1.4, 200 kuwa milimita 2 cif. Masu ƙera allura sun yi ittifaƙi a kan wannan awo ne a 1942, da yake a da kowane kamfani da nasa lissafin. Ta biyu tsohon lissafin Singer ne, wanda har yanzu shi ya fi zama a bakin masu sana'a, inda za ka ji ana neman sha takwas ko ashirin da biyu. A dukansu, gwargwadon girman lamba gwargwadon kaurin allura.

A wajen zare ne ruɗani ya yi yawa, domin mizanai ne har huɗu suke yawo a kasuwa, kuma ɗaya daga cikinsu kishiyar sauran ne. Mafi inganci shi ne wanda ake rubuta masa Tex, wato nauyin mita 1,000 na zaren da giram. Tex 70 ma'anarsa mita dubu sun auna giram 70, don haka babbar lamba kakkauran zare. Lissafin Amurka, mai lambobi 46 da 69 da 92 da 138 da 207 da 277 da 346, kusa yake da wannan, domin su ne Tex 45 da 70 da 90 da 135 da 210 da 270 da 350 bi da bi. Amma lissafin Turai a juye yake, a cikinsa 60 ya fi 40 siranta, 40 daidai yake da Tex 70, 30 da Tex 90, 20 da Tex 135, 10 kuwa da Tex 270. Saboda haka wanda ya aiki yaro kasuwa ya ce a sayo masa ashirin, bai faɗi ko a wane lissafi ba, bai aike shi da kome ba. Na huɗu shi ne wanda aka fi gani a zaren da ke shigowa daga ƙasar Sin, irin 210D/3, ma'anarsa silili uku aka murɗe, kowanne awonsa 210 a mizanin da ke auna mita 9,000. Hisabinsa mai sauƙi ne: a ninka 210 sau 3, a raba 630 da 9, a sami Tex 70; haka 420D/3 zai ba da 140, 630D/3 ya ba da 210. Ni a ganina, mai sana'ar da ya haddace wannan ɗan hisabi ya fi ƙarfin a yi masa algus a zare.

To, ga muwafaƙar da masu allura da masu zare suka zauna a kanta, ko da yake akan sami saɓani na lamba ɗaya tsakanin wannan kamfani da wancan. Tex 45, na siraran abubuwa irin shafin jaka da fatar tunkiya mai laushi, allura 90/14 ko 100/16 yake so. Tex 70, abokin aikin mai alabe da mai saman takalmi, 100/16 ko 110/18. Tex 90 yana tafiya da 120/19 ko 125/20. Tex 135, na manyan jakunkuna da gafaka da kujerun mota, 140/22 ko 160/23. Tex 210 sai 180/24. Tex 270 sai 200/25. Tex 350 kuwa, wanda ba a neman sa sai a sirdi da linzami da ƙirgi mai kauri, 230/26. Idan fatar mai tauri ce a ɗauki babbar lambar daga cikin biyun, idan mai laushi ce irin jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi a ɗauki ƙaramar. Zaren ƙasa kuma ya zama daidai da na sama ko ya gaza shi da mataki ɗaya, kada ya fi shi kauri.

Idan allura ta yi wa zare kaɗan, zaren ba ya kwanciya cikin kwarin, sai fata ta riƙa kankare shi a kowace nutsawa har sililinsa su warware ya tsinke, kuma hudar ba ta isa ƙullin ya hau tsakiya ba, sai a gan shi jere a ƙasan ɗinki. Idan kuwa ta yi masa yawa, zoben ba ya tsayuwa daidai, ƙoshiya ta wuce ba ta ɗauka ba a sami tsallake, ga manyan huda da zare bai cike ba, ga ƙulli yana leƙowa sama. Abin da ake so shi ne zare ya zauna cikin kwarin allura kamar wuƙa cikin kubenta, babu matsi babu sako-sako. Akwai jarrabawa ga wanda lambar ta ɓace masa: ya yanko zare kamar kamu ɗaya, ya zura allurar, ya riƙe bakin zaren biyu ya karkata su rabin tsaye, in allurar ta silale da nauyin kanta sun dace, in ta tsaya sai an girgiza ta ta yi kaɗan.

Tartibin zaɓi, wanda shi ne ruhin al'amarin duka, daga fata yake farawa. Fata da irin wahalar da kayan zai sha su ne asali, su suke hukunta kaurin zare. Zare ya hukunta allura. Allura kuma ta hukunta keken da zai ɗauke ta. Yawancin ɓarna daga juya wannan tartibi take zuwa, mutum ya dubi allurar da ta rage masa a kwali, sa'an nan ya tilasta wa zare da fata su bi ta. Nau'in zaren ma abin dubawa ne. Na nailan wanda aka shafe da danƙo don sililinsa su haɗe yana da ƙarfi da ɗan miƙewa, amma rana tana cin sa. Na foliyesta ya fi jure rana, shi ya fi dacewa da sirdin babur da tamfol da duk abin da zai wuni a waje a irin zafin ƙasarmu. Keke mai allura ɗaya zare mai murɗin hagu yake so, wanda ake yi wa alamar Z, domin juyin ƙoshiya yakan warware mai murɗin dama. Zaren hannu kuwa mai kaki, ba a sa shi a keke, toshe kafar allura da faifan matse zare yake yi.

Sai kuma bakin allura, wanda tela mai yadi ba ruwansa da shi amma baduku ba shi da makawa sai ya san shi. Allurar yadi mai tsini ce kewayayye, alamarta R, turewa take yi. Allurar fata kuwa kaifi ne da ita, yanka take yi, kuma fuskar da take yankawa ita take ba ɗinki siffarsa. Mai alamar LR a karkace take yanka, sai taki ya kwanta a jirge, ya yi kama da ɗinkin hannu, shi ya sa masu jaka da takalmi suke son ta. Mai alamar S tare da layin ɗinki take yanka, ta ba da layi miƙaƙƙe sambal, sai dai sharaɗinta dogon taki, domin in aka matse takin yankan zai haɗu da ɗan'uwansa fatar ta yage a kan layin. Mai alamar P a gicciye take yanka, ita ke ɗaukar gajeren taki, mai alamar D kuwa baki uku ne da ita don busasshiyar fata mai tauri. Fatar roba wadda aka yi wa shafin yadi a baya, da tamfol, da igiyar jaka saƙaƙƙiya, waɗannan mai tsini ta fi musu, saboda mai kaifi yanke saƙar take yi. Taki kuma ya bi zare: milimita 3 zuwa 4 ga matsakaicin zare, 5 zuwa 6 ga kakkaura.

Bayan kauri da baki akwai dangin allura, wato tsawonta da kaurin gindinta, wanda kowane keke da nasa. Kekunan da ƙafarsu take tafiya tare da allura da haƙori, irin Singer 111W155 da Juki LU-563 da Consew 206RB, 135x17 suke ɗauka mai tsini, ko 135x16 mai kaifi. Pfaff 1245 kuwa 134-35. Babban Juki TSC-441 na sirdi, mai ɗinka ƙirgi kusan santimita 2, 794. Shi kuma Singer 29K na masu gyaran takalmi, mai dogon hannu da ƙafa mai juyawa kowace fuska, wanda harafin K ɗinsa yake nuna masana'antar Kilbowie ta Sikotilan da aka rufe a 1980, 29x3 ko 29x4. Allurar wani dangi ko ta shiga sanda ba za ta sadu da ƙoshiya a kan lokaci ba. A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da keken tela irin Juki DDL-8700: an yi shi ne don yadi, yana iya taki 5,500 a minti, haƙorin ƙasa kaɗai ke jan kaya, kuma ko da zai ɗinka siririyar fata, ɗora masa ƙirgi da zare Tex 135 zalunci ne ga keken da mai kayan baki ɗaya. Da yake gindin allurar waɗannan kekuna kewayayye ne, ana iya ɗaura ta a karkace ba a sani ba. Wajibi ne a tura ta har maƙura, lotsin ya fuskanci ƙoshiya, wanda a galibinsu dogon kwari yana hagu ke nan, zare ya shiga daga hagu zuwa dama.

Malamai sun lissafa sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa da barin su cikin farillan kifaya, kuma kayan aikin da mutum yake ci da iyalinsa da su amana ne a hannunsa, balle in na maigida ne. Farkon haƙƙin keke mai ne, kuma farin man keke mai ruwa-ruwa kaɗai. Man gyaɗa yakan daskare ya zama danƙo, baƙin man mota kuwa ya yi kauri, ga shi yana ɓata fata da tabon da ba ya fita. Tsofaffin kekunan fata da hannu ake ba su mai, ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafa, waɗanda sau da yawa akan yi musu jan fenti, da kuma mazaunin ƙoshiya, wanda ya fi ko'ina bukata domin sau biyu take juyawa a kowane taki. A yi haka kowace safiya kafin a fara aiki, sa'an nan a ɗinka ƙyalle don ya tsotse rarar. Masu kaskon mai a ƙasa kuwa, famfonsu da gudu yake aiki, wanda yake ɗinki a hankali kullum ya riƙa duba tagar mai ya tabbata yana hawa. A lokacin hunturu ƙura takan gauraya da mai ta riƙa cin ƙarfe a ɓoye, don haka a cire farantin allura a share haƙori da gidan kwarkwaro da buroshi, ba da hurawar baki ba, kuma a rufe keke duk sa'ad da aka tashi.

Allura ba abin gado ba ce. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauya ta bayan kamar awa 8 na ɗinki, ko da zarar ta bugi ƙarfe. A ja bakinta a kan farce, in ta karce ta lalace, a mirgina ta a kan madubi, in bakin yana rawa ta lanƙwashe. Allurar kirki irin ta Schmetz ko Groz-Beckert ko Organ ta fi tsada, amma kuɗinta bai kai na ƙoshiyar da lanƙwasasshiya za ta karce ba, kuma ƙoshiya in ta sami kaushi a baki ba ta daina tsinka zare. Gam ɗin da ake manna fata da shi kuma a bar shi ya bushe sarai, in ba haka ba ya cika kwarin allura. Zafi ma illa ne, domin gudu cikin fata mai kauri yakan gasa allura har ta narkar da nailan, alamarsa a ga bakin zaren da ya tsinke ya dunƙule. Tsohon moto mai kulochi yana juyi 1,425 ko 2,850 a minti a irin wutarmu, wanda ya yi wa fata yawa; maganinsa a sa masa ƙaramin fuli, ko a ƙara na'urar rage gudu, ko a sauya shi da moto sabo wanda ake daidaita saurinsa, wanda kuma ba ya jan wuta sosai sai an taka, abin da mai janareto zai yaba.

Notin matse zare shi ne abin da hannu ya fi saurin kai wa, alhali shi ya kamata ya zo ƙarshe, bayan an sa sabuwar allura mai dacewa, an sake zura zare tun daga dunƙule ƙafar keke tana ɗage, an share gidan kwarkwaro. Sa'an nan in ƙulli yana ƙasa a ƙara matse na sama, in yana sama a sassauta shi, kaɗan kaɗan; ɗan sukurun gidan kwarkwaro kuwa ba a juya shi fiye da rubu'i a lokaci guda. A riƙe jelar zaren biyu a taki biyu ko uku na farko, wannan kaɗai yana hana yawancin cukurkuɗewa. In duk da haka zare ya sarƙe keke ya daina ɗauko na ƙasa, kekuna da yawa na wannan aji suna da kulochin kariya da ke sakin ƙoshiya don kada haƙoran ciki su karye. A cire zaren da ya maƙale, a danna maɓallin da ke kan gadon keke, a juya dabaran hannu baya a hankali har a ji ya kama.

Saduwar ƙoshiya da allura ita ce aikin gwani, amma mai keke ya san awonta don ya gane in an yi masa daidai. A Singer 111W155 da danginsa, idan allura ta tashi kamar milimita 2.4 daga maƙurarta ta ƙasa, bakin ƙoshiya ya kamata ya kasance daidai tsakiyarta, kamar milimita 1.6 sama da kafa, yana dab da lotsin ba tare da ya taɓa shi ba, tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita. Kowane keke kuma da nasa awon a littafinsa. Idan aka yi babban tsalle a kaurin allura, misali daga 110 zuwa 180, wannan tazara takan sauya, sai an sake duba ta. Duk ranar da ɗinki ya fito yadda ake so, a yanki guntun fatar da aka gwada a kai, a rubuta a bayansa lambar allura da alamar bakinta da lambar zare da tsawon taki, a rataye shi a ƙusa kusa da keken don ranar da irin wannan aiki zai sake zuwa.